Fosfur Ba Fosfat Ba Ne, Yaya

Assalamu alaikum, Yaya Iliyasu. Ina gaishe ka da gaisuwar da addini ya wajabta mini. Ina labarin Agadas, ina zamanka na gudun kunya?

Saƙonka ya iso mini Illela. Wai kana son dawowa gida, wai in roƙa maka dangi. To, ga amsa a buɗaɗɗiyar wasiƙa, a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a ka yi mini dariya.

Ka tuna kakar da ka jibge buhunan wake a ɗakin Inna, a Dogarawa? Ka sawo gwangwanin ƙwayoyin kashe ƙwari a kasuwar Ƙonni, waɗanda kuke ce wa bom. Na karanta jikinsa: fosfur na alminiyom. Na ce ka fitar da shi daga inda mutum yake kwana.

Ka ce ai ka san shi, fosfat, ɗan'uwan taki ne. Na ce a'a, Yaya, wutsiyar sunan ita ce maganar. Masana ba su raɗa suna don daɗin baki. Mai ƙarewa da "at" yana ɗauke da oksijan, shi ake zuba wa gona. Mai ƙarewa da "ur" ba shi da shi, kuma wannan da ya ji raɓa sai ya saki iskar guba.

Ka juya ga abokanka ka ce, "Ku ji malamar lakwal, 'yar boko za ta koya mini wake!" Anka bushe da dariya. Na yi fushi na hau mota, na bar Inna da bom ɗinka a ɗaki. Wannan fushin nawa ne, ni zan amsa shi gaban Allah. Sauran duk naka ne.

Kwana biyu Inna tana amai, numfashi na gagararta. Kafin in dawo mu kai ta gidan likita a Malbaza ka sulale.

Kowace shekara ina rubuta sunayen nan biyu a allo. Yara 'yan shekara sha biyar suna gane bambancin kafin a kaɗa ƙararrawa. Kai fa, gemu har ƙirji!

Akwai abin da dangi sunka ɓoye maka don tausayi. Ni ba ni da shi. Kai ne ɗan fari, shekara arba'in da ɗaya Inna ba ta taɓa kama sunanka ba, sai dai "wannan yaron". A gadon likita kunyar ta sake ta. Iliyasu, ta ce. Sau uku, tana duban ƙofa. Ban ce mata kana hanya ba. Na gaya mata gaskiya, ka gudu.

Allah ya jiƙan Inna, ya sanyaya makwancinta. Kai kuma Allah ya ba ka tsawon rai, da lafiyar kunne.

Ƙanwarka ta jini, ba da zaɓinta ba,
Rabi