Fuskar da Na Ƙi Ɗorawa a Kan Kifin Uwar Direbobi

Zuwa ga ɗiyata, Autar Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yayarki da maigidanta da yaransu. Allah Ya buɗa miki ƙwaƙwalwa, Ya sa ki gama karatun nan da sakamakon da za mu yi ta fariya da shi har mutane su gaji da mu. Mu nan lafiya lau. Kakarki ta samu sauƙin ciwon gwiwa, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta, kin kuwa san wannan ita ce alamar lafiyarta. Babanki ya sayi sabon tabarau, ya ce tun da ya sa shi yake ganin kurakuran kowa sarai, musamman nawa.

Na ga saƙonki. Kin ce babanki ya gaya miki an cire ni daga shirinmu na abinci da tafiye-tafiye, ya kuma ce ki ɗauki darasi, ki ajiye kwas ɗin tace fim da kika fara, ki kama abin da zai amfane ki. An cire ni kam, wannan gaskiya ne. Amma yayan nawa bai san dalili ba, don bai tambaya ba. Ke da kika tambaya, ga labarin.

Mutane suna cewa gani ya kori ji, shi ya sa mai kallo yake ɗauka abin da ya gani cikin rabin sa'a haka ya faru a jere: mai gabatarwa ya sauko daga mota, ya gaisa da mai abinci, ya zauna, ya kai loma, ya lumshe ido. Ɗiyata, rabin sa'ar nan kwana huɗu muke ɗaukarta. Saukowa daga motar kaɗai sai a yi ta sau biyar. Lomar da kike tsammanin ta farko ce, wataƙila ta tara ce, abincin ya huce har an shafa masa mai da ɗan buroshi don ya yi ƙyalli. Ƙarar suya daban ake ɗaukarta, mai sauti ya rataya makirufo a kan kasko, kowa ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Duk wannan tarkace ni ake kawo wa a ɗakin tacewa, wani ɗan ɗaki marar taga mai allo biyu da kujerar da ta cinye min baya, in zauna in jera gutsure bayan gutsure. Ban taɓa jin ina yin ƙarya ba, muddin abin da na jera ya faɗi abin da ya faru. Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyarwa kafin in shigo wannan aiki, kuma darasi ma haka ake shirya shi, a zaɓi abin da zai zo gaba da wanda zai biyo baya don yaro ya gane.

A al'ada mai tacewa ba ta bin masu ɗauka, amma a tafiyar da ta wuce mai kwashe mana hotuna daga kyamara zuwa kwamfuta ta haihu, sai aka ce in je in riƙe mata. Muka sauka a wani shagon abinci bayan tashar mota, rufin kwano, benci huɗu, da fanka guda mai juyawa in ta ga dama. Mai shagon dattijuwa ce, kowa Uwar Direbobi yake kiranta, shekara ashirin da shida tana dafa shinkafa da kifi a wurin. Mun wahalar da matar nan. Darakta ya sa ta matsar da tukwanenta saboda haske, ya ɓoye mata bokitai, ya sa ta yanka albasa sau huɗu. A na huɗun ta gaya wa mai kyamara in yana son ta sake yin hawaye sai dai ya kawo tasa albasar. Mai gabatar da shirin kuwa, wanda muke ce wa Malam Cokali don kullum da cokalinsa a aljihu, ta dube shi yana surutu da abinci a baki, ta tambaye mu a hankali ko a gidansu ba a hana yara haka. Da aka kashe kyamara ya zauna ya cinye faranti biyu da hannu, cokalin yana aljihu, ita kuma ta ƙulla masa wani kifin ta ce ya kai wa matarsa.

A rana ta uku, yana tsaye a ƙofar shagon yana gabatarwa, ko abinci ba a sauke ba, wata babbar mota ta ja da baya ta feso masa baƙin hayaƙi a fuska. Ya yamutsa fuska, ya zaro harshe, ya kau da kai. Kyamara tana ɗauka. Daƙiƙa uku ne, muka yi dariya, muka manta.

Da muka dawo ofis, darakta ya kalli abin da na haɗa ya ce ba gishiri. Wai yabo ya yi yawa, masu kallo za su canja tasha. Ya ce in haɗa masa gajeriyar tallar shirin kamar haka: cokali yana shiga baki, sai fuskar hayaƙin nan, sai fuskar Uwar Direbobi cikin damuwa. Ita ma wannan damuwar na san inda aka samo ta, tukunyarta ce ta tafasa tana zuba, ta juya a firgice. Ya ce a cikin shirin ma a bar shi haka, daga baya Malam Cokali ya ɗora murya ya ce ɗanɗanon sai an saba da shi. Na haɗa don in gani. Wallahi ɗiyata, ni da na ci kifin nan har na tsotse ƙaya, da na kalli allon sai da kifin ya fita daga raina. Abin da ya tsorata ni ke nan. In ni na ji haka, ina ga direban da zai gani a wayarsa? Talla kuwa ta fi shirin yawo nesa ba kusa ba, daga wannan waya zuwa waccan, kuma 'yan tasha ba sa barin abin tsokana ya kwana. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa, ita kuma matar nan ba ta da wani jari da ya wuce a ce abincinta da daɗi.

Na gaya masa ba zan saka ba. Ya ce ai ta sa hannu a takardar yarda. Na ce takardar ta ba mu izinin nuna girkinta ne, ban ga inda aka rubuta hayaƙin mota ba. Ya kira ni Malama, yana jan sunan yadda ɗalibai marasa kunya suke yi, ya ce nan ba aji ba ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ce aski na yarda zan yi, ban yarda da yanke wa wani kunne ba. Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ba komai, gobe zai ba ɗaya mai tacewar, aikin minti goma ne.

A nan ya fi ni gaskiya, kuma ina so ki riƙe wannan. Da na tsaya a ƙin yi kawai, hannuna ne zai fita da tsabta, matar kuwa abin zai same ta ko da ni ko ba ni. Da yamma Malam Cokali ya zo ɗora murya, sai na tare shi a baranda na ce ya leƙo ɗakina. Ban yi masa bayani ba, na kunna. Da farko ya tuntsire da dariya yana tambaya wane ne wannan mummunan. Na sake kunnawa, sai dariyar ta ɗauke. Ya tambaya ko matar kifin nan ce, na ce ita ce. Ya ce matarsa har yau tana zancen kifin. Ban sani ba ko tausayinta ne ya kama shi ko kishin fuskarsa, don mutumin yana son fuskarsa kamar me, ina jin dai duka biyun ne. Ya wuce ofishin darakta ya rufe ƙofa, amma bangon ofishinmu katako ne. Muka ji yana cewa fuskarsa ba yaji ba ce da za a barbaɗa a duk inda aka ga dama, kuma in aka saka, shi da bakinsa zai fito ya gaya wa duniya abin da ya shaƙa a ranar. Aka cire daƙiƙa ukun nan, a talla da shirin duka.

Washegari na tarar da takarda a kan teburina, an mayar da ni sashen tallace-tallace saboda na tsallake shugabana. Na tsallake shi kuwa, ban musa ba. Shugaban sashe ya kira ni ya ce in rubuta layi biyu na ban haƙuri in koma kujerata. Na rubuta cewa ina ba da haƙuri da ban sanar da darakta ba kafin in nuna wa mai gabatarwa, kuma in haka ta sake faruwa zan sanar da shi tukuna sannan in nuna. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce taurin kaina ya fi na ƙusa. Yanzu wata guda ke nan ina tace tallar sabulu da katifa. Kumfa ba ta da mutuncin da za a zubar, saboda haka ina barci lafiya.

An nuna shirin makon jiya, wani ne ya ƙarasa shi, babu sunana a ƙarshe. Da kakarki muka kalla, ta ce matar ta iya riƙe wuƙa. Uwar Direbobi ba ta san komai game da abin da ya faru ba, kuma ba za ta sani ba. Direban ofishinmu ya bi ta tashar shekaranjiya, ya same ta a kan bencinta tana zuba wa mutane abinci. Ta ba shi saƙo ya kawo mana, wai ta ji daɗi, amma ba mu kyauta ba da muka nuna tukunyarta mai karyayyen hannu alhali tana da sabuwa. Wannan ne kaɗai ƙorafinta a kanmu, ni kuwa da na ji sai da na shiga banɗaki na share ido.

Saboda haka kada ki ajiye kwas ɗin nan. Babanki tsoro yake ji miki, tsoron uba kuwa ba abin raini ba ne, ki yi masa magana da ladabi, ni ma zan je in same shi. Amma kujerar ɗakin tacewa ba ta zama babu kowa. In irinki ba su zauna ba, wani zai zauna.

Ki gaishe min da yayarki, ki ce mata na ga hoton kitson da ta yi wa 'yan biyu. Ki gaida maigidanta Injiniya, da Ƙaramin Alhaji mai ƙiriniya, da jaririya Amarya. Kakarki tana gaishe ku, haka Baba Ƙarami da Inna ta gidan bene.

Ga aikin gida, tunda malama ba ta tuba. Ki roƙi Injiniya ya ara miki fuskarsa, ki ɗauke shi da wayarki na daƙiƙa biyar yana zaune bai yin komai. Ki ɗauki farantin abinci daban, Amarya tana barci daban, rigar da dutsen guga ya ƙona daban. Ki haɗa fuskar da kowanne, ki nuna wa mutum uku ba a tare ba, kowa haɗi ɗaya, ki tambaye su me Injiniya yake ji. Ki rubuto min amsoshinsu, sannan ki gaya min ko ba ki ji tsoron abin da hannunki zai iya yi wa fuskar mutum ba.

Taki har kullum,
Gwaggonki ta ɗakin tacewa