Na fita takaba a bakin teku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigidana, Abban Khalifa. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji, kabari ya yi maka yalwa. Mu nan unguwarmu ta Muraqqabat a Dubai lafiya lau muke, ni da yaronka. Ya ƙara tsawo, wandon makarantarsa har ya ɗage.

Na fita takaba ranar Talata, ta zo daidai da hutun ranar ƙasa da ake yi a nan farkon Disamba. Ina so in ba ka labarin ranar, domin a cikinta na yanke shawarar da na daɗe ina gudu. Ka san takardar izinin zamanmu a ƙasar nan a kanka take. Makarantar da nake koyarwa ta ce za ta iya mayar da ni da Khalifa a kanta, amma in ba su amsa da zarar an dawo hutu. Yayanka Sani kuma kullum sai ya kira daga Katsina, in mayar da yaro cikin dangin ubansa. Ni abu ɗaya ne ya riƙe ni. Kana kwance a maƙabartar Al Quoz, kuma ban san yadda ake hawa jirgi a bar mutum a ƙasa ba.

Da a gida ne, ka san yadda za a yi. Gwaggonni za su zo su tsefe mini kai, a yi kitso, a sa lalle, in ɗaura sabon zane in bi gidajen da suka zo mini gaisuwa ɗaya bayan ɗaya ina godiya. A nan Zaliha ce ta zame mini gwaggo, matar amininka Alhaji Isufu mutumin Maraɗi, wanda ya yi maka wanka ya sa ka a kabari da hannunsa. Ta yi mini kitso tana mitar cewa gashina ya zama kamar igiyar guga. Da na kawo maganar yawon godiya sai ta yi dariya. Ta ce wane gida zan shiga? Mutanen da su shida suke ɗaki ɗaya a Sonapur, sansanin leburori, ko masu ɗakin katako da ko tabarma ba ta shimfiɗuwa? Ta ce tun da babu zauren da za a karɓe ni, su za su fito mini. Isufu zai sanar da kowa a haɗu a bakin ruwa na Mamzar bayan la'asar, in yi godiyata gaba ɗaya.

Na ji daɗin shawarar sosai. Na tuna ranar da aka kai ka, cikin zafin Yuli, yadda takalman masu gaisuwa suka cika barandarmu har bakin lif, har maƙwabcinmu Bafilipine ya buɗe nasa falon aka zauna. Da wannan taron a idona na jiƙa shinkafa. Tun asuba na ɗora tandar da Inna ta ba ni, na yi ta suyar waina har kafaɗata ta ƙage, na cika kuloli, na yi miyar taushe a babbar tukunya. Isufu ya zo ya kwashe a motarsa, yana cewa ko bikin 'yar gwamna sai haka.

Da safe Zaliha ta ce sai na ga gari tukuna, wai na manta da launin sama. Muka taka da Khalifa zuwa bakin kirik, ruwan da ya raba gari biyu, muka hau abra, ƙaramin kwalekwalen nan na katako da kake cewa shi kaɗai ne abin da bai san ana tsada a Dubai ba. Iska mai sanyi tana kaɗawa, fararen tsuntsayen ruwa suna binmu. Ban san lokacin da na fara yi wa Khalifa bayani ba, yadda ruwan nan reshen teku ne da ya kutso cikin gari, yadda kakannin mutanen nan suke nutso su ɗebo lu'ulu'u kafin a san za a yi dogayen benaye. Ina cikin zuba sai na jira muryarka. A daidai nan kake cewa, «Malama, an tashi daga makaranta.» Babu wanda ya faɗa. Na ƙarasa darasin har ƙarshe, yaron yana gyaɗa kai don kada in ji kunya.

Mun zaga tsohuwar unguwa mai lunguna da gine-ginen ƙasa, na ce da Khalifa ya duba, kamar cikin birnin Katsina. Ya ce shi bai tuna Katsina ba. Muka ratsa kasuwar kayan ƙamshi, 'yan tireda suna kiran Zaliha «Mama Afrika», tana mayar musu da Larabcinta na kasuwa. Ta saya mini turaren wuta ta ce yau an halatta mini ƙamshi. Na riƙe ƙullin a hannu, na rasa wanda zan turara wa ɗaki.

Mun isa Mamzar da wuri, sai muka bi hanyar masu tafiya a ƙasa da ke gefen ruwa. Na cire takalmi na taka rairayi. Teku ya kwanta shuɗi, yara suna gina gidaje da yashi, iyalai sun baje ko'ina da tutoci da butocin shayi. Kowa da nasa. Khalifa ya tsinci bawon katantanwa ya cika aljihu. Na yi tafiya mai nisa, kuma wallahi na ɗan ji sanyi a raina. Har na fara ce wa kaina zan iya, zan zauna, ga mutane, ga makaranta, ga ka nan kusa.

Sai la'asar ta yi. Isufu ya shimfiɗa manyan tabarmi uku a ƙarƙashin dabino, muka jera kuloli. Nafisa ma'aikaciyar jinya ta zo da kayan aikinta a jiki. Samari biyu daga sito ɗinku na Al Quoz suka zo, suka durƙusa suka gaishe ni. Wani dattijo mai harkar aika kaya gida ta jirgi ya zo. Muka jira. Rana ta fara ja, tabarma biyu babu kowa a kansu.

Na tambayi Isufu ko saƙon bai isa ba. Ya sunkuyar da kai ya fara lissafa mini. Injiniya Bello da ya ja mana salla a falo, kwangilarsa ta ƙare ya koma Kaduna. Mustafa da ya yi ta zirga-zirgar takardun asibiti yana Saudiyya. Su Maman Ihsan sun samu Kanada. Yaran Sonapur da suka ɗauki makararka, kamfaninsu ya kwashe su zuwa wani aiki, wasu bizarsu ta mutu an mayar da su gida. Duk a ɗan zaman da na yi a ɗaki. Ni ina ciki ina zaton gari yana nan yadda na bar shi, na yi waina ta mutanen da ba sa ƙasar.

Na yi godiyata ga waɗanda suka zo. Muryata ba ta yi nisa ba, ba ta ma buƙaci yin nisa ba. Nafisa ta yi ta ƙoƙarin ba mu dariya, tana tsokanar Isufu wai mutanen Nijar ba su san waina ba sai fura, shi kuma yana cewa ai Katsinawa a wurinsu suka koyi ɗaura rawani. Muka ci abin da za mu iya. Sauran muka bi masu shara da masu gadin wurin da shi, 'yan Bangaladash da 'yan Nepal, suna karɓa suna duba wainar suna tambayar yadda ake ci. Na ce su yi maka addu'a. Ban san ko sun fahimta ba.

Muna naɗe tabarmi Isufu ya matso, bai kalle ni ba. Ya ce, «Madam, ban so in faɗa yau ba. Shagon ya ƙi, na sallama shi. Bayan azumi za mu koma Maraɗi, khalas, shi ke nan.» Zaliha ta juya baya tana goge kular da ta riga ta goge.

Abban Khalifa, ka san mu mata ba ma bin gawa. Ban taɓa ganin inda kake ba. Isufu ne yake ɗaukar Khalifa duk Juma'a ya kai shi wurinka, shi ne ya san layin, shi ne yake yayyafa ruwa. Yaron yana tsaye yana jin komai. A mota ya tambaye ni wa zai riƙa kai shi wurin Abba. Ni da nake gaya wa ɗalibaina kullum cewa babu tambayar da ba ta da amsa, sai dai a yi bincike, jawo shi jikina kawai na yi, na juya fuskata ga taga.

Na yi ta juya abin. In na zauna, shekara nawa za a bar ni? Wata rana ni ma takardata za ta ƙare, kamar ta kowa, in tafi da yaron da bai san kowa nasa ba, kai kuma kana nan inda kake. Ba zamana ne zai hana a bar ka ba, jinkirta shi kawai zai yi, kuma Khalifa ne zai biya. Jiya na rubuta wa makaranta. Zan koma aji in ƙarasa wa ɗalibaina zangon nan don kada in bar su a tsakiyar littafi, daga nan mu tafi Katsina.

Ka yafe mini. Kai ka kawo ni ƙasar nan, ka riƙe hannuna a filin jirgi ina tsoron matakala mai tafiya, ga shi zan fita in bar ka. Na roƙi Isufu Juma'ar nan ya tafi da ni. Zan tsaya a bakin ƙofa, Khalifa ya shiga ya gaya maka da bakinsa, ni ba zan iya ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sanyaya maka ƙasar da ba taka ba. Waɗanda ke kwance dama da hagunka, su ma baƙi ne da nasu suka tafi suka bari. Allah ya sa maƙwabtan kirki ne, ya sa wani mai wucewa ya riƙa haɗawa da kai in ya ɗaga hannu. Ya raya mana Khalifa, ya tara mu a inda ba a cewa kowa ya tashi.

Wassalam.

Taka har kullum,
Maman Khalifa