Injin Ban-ruwana da Aka Shafa wa Koren Fenti

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin ba da kuɗin bincike kan horar da ma'aikata da ilimin manya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Yaya fama da jama'a? Allah Ya taimaka.

Sunana Sale, ana ce mini Sale Masaƙa, don a wata masaƙa a Kano na ƙarar da ƙuruciyata. Da ta durƙushe aka sallame mu, na dawo gida Indabo, na sayi injin ban-ruwa da ɗan abin sallamar, na rungumi noman rani. Ranka ya daɗe, da lokacin soja ne da na haɗiye maganar nan na yi shiru. Amma an ce mulki ya dawo hannun farar hula, ni ma na sha rana a layi na jefa ƙuri'a. Saboda haka zan faɗi abin da ke raina a jarida, kowa ya gani.

1. Bayan ɗaukewar ruwa na ji a rediyo cewa gwamnati ta ware kuɗi a binciko yadda za a koya wa manya irinmu sabuwar sana'a, kuma za a buɗe cibiya a Wudil, har da gyaran injin ban-ruwa. Wallahi na yi murna. Gemuna ya yi fari, amma hannuna bai mutu ba, kuma na gaji da ɗaukar inji zuwa wajen makaniki a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ana haka sai jami'in shirin ya yi mini sallama har gida. Ɗan garin nan ne, na san mahaifinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce kayan cibiyar sun maƙale a tashar jirgin ruwa, ga manyan baƙi na tafe, in ara musu injina na yini guda. A nan ba a hana aro in sha'ani ya taso. Tabarma, tukunya, kujera, duk haka ake yi, kuma wanda ya ce sai an kawo shaida ya zubar da mutuncinsa. Na wanke injin tas, ni da kaina na ɗora shi a amalanke.

2. Ranar buɗewa na tarar da shi a kan tebur, an shafe shi da koren fenti, an buga masa lamba da fari, an manna takarda cewa shirinku ne ya saye shi. Da kyar na gane abina. Igiyar tayar da shi ce ta tona asiri, don ta gugan gidana ce, na ɗaura mata guntun ƙotar fartanya lokacin da ta ainihin ta tsinke. Na ja jami'in gefe, ya yi dariya ya ce saboda hoto ne kawai, ni ma na ci ribar fenti. Aka danƙa mini sifana, aka tsayar da ni a bayan injin, baƙi suka tafa, aka ɗauki hoto. Kusa da ni akwai keken ɗinki, shi ma kore shar. Na san keken nan, a kansa aka ɗinka rigar da na sa ranar. Mai shi ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, na kuwa bar shi.

3. Tun daga ranar cibiyar a garƙame take. Ko ƙusa ba a koya wa kowa kwancewa ba. Da na je karɓar injina, mai kula da siton cibiyar ya ce duk abin da ke da lamba kayan gwamnati ne, ba ya fita sai da umarni daga sama. Jami'in ya ce in yi haƙuri masu duba aiki su zo su tafi. Sun zo, sun tafi. Sai ya ce ana shirin zagaye na biyu. Yanzu in ya hango ni a kasuwa ran Juma'a, sai ya sulale bayan rumfuna kamar bai taɓa ce mini Baba ba.

4. Ranka ya daɗe, ban ce kai ka ci komai ba, ban gani da idona ba. Amma zuciyata ta ƙi yarda da lamarin nan, kuma ina da tambayoyi. In an sayi kayan, wane irin jirgi ne wannan da har yau bai sauke su ba? In ba a saya ba, me aka nuna maka? Kuma me aka bincika? Ni dai ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ni abin da na iya, ko abin da nake so in koya. Sai ga shi na ji a rediyo ana cewa shirin Wudil ya yi nasara, za a ƙara masa kuɗi a faɗaɗa shi. Ina zargin hotona na nan a teburinka, da sifana a hannu, a matsayin dattijon da ya ƙware. Ina kuma zargin ba za a sake mini injin ba muddin akwai sauran baƙon da za a nuna wa shi.

5. Na dasa albasa bisa alkawarin yini guda. Maƙwabcina a fadama yana ara mini nasa in ya gama, amma gonarsa babba ce, ba kullum yake gamawa ba. Sauran da bokiti nake yi, kuma bayana ba na da ba ne. Bakin ganyen ya fara yin rawaya. Albasar nan ita ce abincin gidana har damina, ba ni da fansho, ba ni da wata gonar. Ina jin tsoro, kuma ina jin haushi.

Kada maganata ta sa a daina ba da kuɗin irin wannan bincike. Mu da masaƙu suka zubar mun fi kowa buƙatarsa, kuma har gobe ina so in koyi gyaran nan. Roƙona shi ne ka turo mutum ba tare da sanarwa ba, a buɗe siton, a kankare fenti, a kira masu kaya a gaban jama'a. A dakatar da ƙarin kuɗin sai an ga kayan da aka ce an saya. A kuma cire hotona daga cikin waɗanda aka horar, sai ranar da aka horar da ni.

In kuwa bayan duk wannan gwamnati ta dage cewa injin nata ne, ba zan ja da hukuma ba. Sai dai ina neman alfarma: ku ara mini shi kafin albasar ta mutu, kamar yadda na ara muku. Ni zan mayar.

Allah Ya yi maka jagora, Ya haɗa ka da mataimaka masu faɗa maka gaskiya, Ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Sale Masaƙa,
Indabo, Wudil.