Farin Gari da Rijiyar Dada

Kurfi,
6 ga Maris, 1988

Aminiyata Magdalina,

Gaisuwa mai yawa gare ki da maigida da yara. Ina fatan ciwon bayan nan ya sake ki, kuma ɗalibanki na kimiyya ba su ƙona miki ɗakin gwaji ba tukuna.

Ƙullin farin garin da kika aiko ya iso, na gode. Ke kaɗai kika amsa ni. Takarda huɗu na rubuta wa masu kula da aikin gona a kan rijiyar mahaifiyata a Wurma, ko tari babu wanda ya yi. Damina guda masu feshin auduga suna wanke tankunansu a bakinta, manyan mutane da gemu, har ruwan ya ɗauki warin maganin. Awakin Dada, mahaifiyar tawa, biyu sun mutu suna kumfa. Ruwan sha ana ɗauko wa mutane a jaki daga Tamawa, amma jaki ɗaya ba zai shayar da awaki tara ba, kuma tafki ya ƙafe. In aka sayar da su, Dada ba ta da abin zama a ƙauye, sai ta dawo wurina. Ta rantse gawarta ce kawai za ta bar gidan Baba.

Kin ce garin daga jami'a kika samo, har yanzu gwaji ake yi, kuma ƙwayarsa ɗaya ido ba ya ganinta. Na murza, ya fi tozali laushi. Jibi zan kai shi.

Taki har kullum,
Rahamatu

Kurfi,
15 ga Maris, 1988

Magdalina,

Ina gaishe ki, don an koya mini gaisuwa.

Na zuba garinki a randar ruwan rijiyar, na jira kwana uku, na saka 'yan kifin dam ɗin Zobe a ciki yadda kika ce a gwada. Kafin la'asar duk sun juya ciki sama. Ruwan ya yi fari kamar kunun gyaɗa, warinsa na nan daram. Dada ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ranar da na ce zan tafi kwalejin malamai. Wani mai sayen dabbobi ya riga ya fara zagaya gidan kamar ungulu.

Shekara ashirin da biyu ina koyarwa, na san bambancin ilimi da surutun masu farar riga. Ki faɗa wa mutanenki na jami'a su gwada abinsu a kan iyayensu mata kafin su aiko wa tawa.

Rahamatu

Kurfi,
2 ga Afrilu, 1988

'Yar'uwata Magdalina,

Allah ya sa kin koma Dutsin-Ma lafiya, ya huce miki gajiyar bayan akori-kura. A gaida maigida, a ce masa na gode da aron matarsa.

Da wata ce ta karanta takardata ta biyu, da ta yage ta. Ke kuwa kika hau mota ranar Asabar, kika shiga ɗakin Dada, kika ɗaga faifan da ke kan randa, kika tarar da garinki a cikin duhu. Sai kawai kika ce a fito da ruwan tsakar gida. Da kin zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na sake duba wasiƙarki ta farko. Sau uku kika rubuta cewa hasken rana ne ke tayar da garin ya cinye dafin, har kika ja layi. Na gani tun farko. Sai na ce a raina ai kamar alam ne, a jefa a randa a rufe. Wace mace mai hankali ke shanya ruwa a rana a buɗe? Ni da nake dukan tebur in yara sun tsallake umarnin jarrabawa!

Da kin ga gidan Dada yanzu. Gwaggo Mairama, ƙanwar Baba, ta bi maƙwabta, mata suka sauko da farantan jerensu, tsakar gida ya cika da ruwa yana ƙyalli. Muna motsawa, mu bar shi rana uku, garin ya kwanta, mu tace da farin ƙyalle, mu sake amfani da shi. Kifin da kika bari yau kwanansu goma suna yawo a ruwan da muka tace. Awaki sun sha tun ranar Litinin, tara ɗinsu suna tsaye suna ɓarna. Ban bar mutum ya sha ba, sai sakamakon kwalaben ruwan da kika tafi da su gwaji ya fito. Mai unguwa ma, da ya ga kwanon kifin da suka mutu a ruwan da ba a shanya ba kusa da na masu rai, ya hana wanke tanki a bakin rijiya. Dada ta kori mai sayen dabbobi da muciya.

Saura abu ɗaya da ban faɗa wa kowa ba. Tun watan jiya na share ɗakin da ke kusa da nawa, na sa sabuwar tabarma. Ina jin shi ya sa idona ya ƙi tsayawa a kan layin da kika ja. Na so uwata a kusa da ni, ko da awakinta ne kuɗin hanya. Kin hana ni wannan, kuma na gode miki, duk da ban gama hucewa ba.

Jiya na naɗe tabarmar na aika mata Wurma.

Taki mai kunya da godiya,
Rahamatu