Kada Ku Sa Shi a Motar Asabar

Zuwa ga Alhaji Shugaban Ƙungiyar 'Yan Garinmu mazauna Zongon Kwatano, da dattawan da ke zama tare da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Baba Alhaji, ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga ubanta. Ina tambayar iyali, da kasuwa, da wannan zafi da ya hana kowa sakat. Ni ce Ramatu, matar Baban Habiba mai yadi a kasuwar Missèbo. Kai ka tsaya masa ranar ɗaurin aurenmu, a gidanka kuma na fara sauka da aka kawo ni garin nan, don haka ka san ni ba mai fitowa gaban maza da magana ba ce.

Sau biyu na zo gidanka a makon nan. Zuwan farko aka ce ka fita. Zuwa na biyu ga takalmanka a bakin ƙofa ina kallonsu, aka ce mini magana ce ta maza, kuma an riga an gama ta. To, tunda a gaban jama'a aka gama ta, a gaban jama'a zan amsa, shi ya sa na roƙa a saka wannan takarda a zauren ƙungiya na waya. Yau Alhamis, a asibiti nake rubuta ta, ina jiran sakamakon gwajin jininsa. Sau huɗu ke nan ina zabura, ina zaton sunanmu aka kira. In ka ga magana ta hau kan magana, ka yi mini uzuri.

Abin da ya iso kunnena shi ne, a zamanku na Lahadi bayan la'asar kun yanke cewa ranar Asabar da safe mota za ta zo ta ɗauki maigidana zuwa gida, wurin wani mai magani da yayansa ya samo. Dalilanku biyu ne: wai maganin asibiti ne ke cinye shi, kuma wai na kulle shi a ɗaki na raba shi da 'yan'uwansa. Ranar Litinin ne randebu ɗinsa, wato ranar da asibiti suka sa masa, na ƙarin ruwa na huɗu. Asabar ta riga Litinin da kwana biyu, abin da ya hana ni zama ke nan.

1. Ciwon da maganinsa

Ciwon daji ne, ba zan sakaya sunansa ba. Da ƙullutu ya fara a gefen wuya, da yawanku sun gan shi tun yana ɓoye shi da rawani. Likitar da ke duba shi ta tsara masa ƙarin ruwa sau shida, duk bayan mako uku, shi ne abin da suke kira shimiyo. An yi uku.

Gaskiya ne ya rame. Gaskiya ne gashin kansa ya zube, gemun nan da yake ji da shi ma ya bi baya, da hannuna na tattara shi daga kan matashin kai. Kwana uku bayan kowane ƙari ko koko ba ya zama a cikinsa. Duk wannan likita ta faɗa mana tun kafin a soka masa allurar farko. Amma a cikinku wa ya taɓa wuyansa kwanan nan? Ni kullum sai na taɓa, safe da yamma, har yana cewa zan goge masa fata. Ƙullutun da ya kai ƙwan kaza, yanzu sai na laluba da yatsa kafin in same shi. Likita ta ce in aka tsaya a tsakiya ciwon zai dawo, kuma ba lalle ne maganin ya sake kama shi yadda ya kama shi yanzu ba. Ban ce mai maganin can gida maƙaryaci ba ne, ban san shi ba. Shi ma bai taɓa ganin wuyan nan ba.

2. Dubiyar Juma'a

Ku da kuka shiga ɗakinmu kun san shi: ciki da falo, rufin kwano, taga ɗaya. Tun da zafin nan ya shigo, daga hantsi kwanon yake fara gasa mu. Iskar teku da ake ba da labarinta a unguwar Fidjrossè ba ta san hanyar lungunmu ba. In akwai wuta fanka zafi take kaɗawa, in an ɗauke sai mafici. Tsakanin azahar da la'asar ba ni da wani aiki sai in jiƙa zane, in matse, in shimfiɗa masa, kafin in juya ya ɗumame, in sake jiƙawa. In fita sayen ƙanƙara, kafin in dawo rabi ya zama ruwa. In zauna, in tashi, in leƙa numfashinsa, in koma, in sake tashi. Na ɗora tukunya na manta da ita ya fi a ƙirga.

A cikin wannan ɗaki kuka shigo, Juma'ar da ta faɗo a mako na biyu bayan ƙari na biyu, da aka sauko daga masallaci. Ta bayan labule na ƙirga ku, mutum ashirin da uku. Na san alheri ne ya kawo ku. Haka muka tashi muka ga ana yi, ni ma na je dubiya gidaje da yawa, na zauna a bakin gado, na kama hannu. Amma ga abin da ya faru a ranar.

Kowa da turaren Juma'a a jikinsa, shi kuwa ba abin da ke tayar masa da zuciya kamar ƙamshi. Wani dattijo ya ce iska ba ta da kyau ga mara lafiya, aka kashe fanka, aka tura taga. Kowa ya ba shi hannu, ya shafa masa kai. Malam Garba mai goro, Allah ya ba shi lafiya shi ma, da tari ya shigo da tari ya fita, kuma shi ya fi kowa matsowa kusa. Daga ƙarshe aka karɓi kofin ruwa ya zagaya, kowa ya yi addu'a ya tofa, aka miƙa masa. Na ga ya ɗago ya dube ni ta gefen labule, sannan ya kafa kai ya shanye.

Abin da ba ku sani ba, kuma laifina ne da ban faɗa ba, shi ne a mako na biyu bayan kowane ƙari maganin yakan kwantar da garkuwar jikinsa. Murar da za ta sa waninku atishawa kawai, shi tana iya kai shi kabari. An gaya mini wannan a asibiti, an maimaita. Kunya ce ta ɗaure mini baki a bayan labule, ina ji ina gani, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

Ranar Litinin da azahar zazzaɓi ya rufe shi. Yana karkarwa yana neman bargo, a cikin zafin da kowa ke neman tuɓe riga. Na tare zem, babur ɗin haya, na zaunar da shi a tsakiya, na ɗaure shi a jikina da zane don kada ya sulale. Haka muka ratsa cunkoson gari har asibiti, kansa yana lilo a kafaɗata, ina kiran sunan da ban taɓa kira a gaban mutane ba. Kwana shida muka yi a kwance. Ƙari na uku sai da aka ɗaga shi mako biyu. Ba zan rantse cewa kofin nan ne ko tarin nan ba, Allah shi ya sani. Amma tambayar farko da likita ta yi mini ita ce, mutum nawa suka shiga wurinsa? Da na faɗa, ajiye biro ta yi ta tsaya tana kallona.

3. Ƙofar da na rufe

E, na rufe ta, ba zan musa ba. Amma na ajiye benci a ƙarƙashin taga daga waje, da buta da sabulu. Duk wanda ya zo ya zauna su gaisa, muryarsa tana fita, taku tana shiga. 'Yan kaɗan ne suka zauna. Sauran suna ganin bencin suka juya. Ɗaya daga cikin dattawanku ya ce mini, "Mu za ki aje waje? Tun ba a haihe ki ba munka san shi." Matar wani kuma a bakin famfo, tana sane ina jin ta, ta ce, "Ai ta mallake shi, shi ke nan, ya zama nata ita ɗaya." In wanke amai da goge gumi ne mallaka, wallahi ina neman wadda za mu raba ta da ita.

Baba Alhaji, Habiba shekararta tara. Mako biyar ke nan tana unguwar Saint-Michel wurin ƙanwata, saboda 'yan makaranta ba sa rabuwa da mura. Ita ma a kan wannan benci take zama in an kawo ta ranar Lahadi, ta taga take nuna wa ubanta littafinta. In na iya ajiye wadda na haifa a waje, wane raini ne na yi wa dattawa?

Kuma ban manta alherinku ba. Shagonsa a buɗe yake har yau saboda ku, kwanon abinci bai daina zuwa daga gidanka ba. Da ba ku damu da shi ba, da ba a yi zaman Lahadi ba. Wannan na sani, shi ya sa ma abin ya fi yi mini ciwo.

4. Hanya

Ku matafiya ne, kun fi ni saninta. Daga nan zuwa Parakou, zuwa Kandi, zuwa Malanville, a tsallake gada, sannan a fara zancen gida. Mai lafiya ma in ya sauka sai ya yi kwana biyu yana jinyar jiki, kuma duk yadda aka nausa arewa rana ƙaruwa take yi. Wannan mutum daga gado zuwa bayi sai ya huta a tsakani, dafe da bango. In zazzaɓi ya kama shi bayan Kandi, ina za a tsaya? Likita ta ce zazzaɓi a jikinsa ba ya jiran gobe. Wa zai jiƙa masa zane a mota? An ce mini ni ma ba a sa ni cikin tafiyar ba, wai in tsaya da yarinya. A zaman da kuka yi ba a kira shi ba, ba a kira ni ba, ba a tambayi likitarsa ba. Yayansa aka kira a waya, mutumin da rabonsa da ganinsa tun kafin ciwon ya fito.

5. Abin da nake roƙo

Na farko, a fasa motar Asabar, kuma kai da bakinka ka sanar, don ba wanda zai ji daga wani bakin.

Na biyu, ka zo ranar Litinin, ko ka turo dattijo ɗaya mai jin Faransanci, ya zauna da likita ya yi mata duk tambayoyin da ake yi a bayan idona. Na nemi izininta, ta yarda.

Na uku, addu'arku muna bukatarta yanzu fiye da da. Ku yi ta a masallaci, ku zo ku yi ta a kan bencin, taga ba ta tare addu'a. In an gama na shida, likita ta sallame mu, ni da kaina zan wangale ƙofa in dafa muku shayi.

Na huɗu ban zo da shi a raina ba, yanzun nan aka kira mu na dawo da shi. Jininsa ya yi ƙasa. An ce sai an ƙara masa kafin Litinin, kuma mu kawo mutum biyu su bayar a madadin wanda za a sa masa. An duba nawa, an ce ni ma ba ni da na bayarwa. Duk wanda ke jin an hana shi taɓa ɗan'uwansa, ga hanya ta samu. Ya zo asibiti Asabar da safe, a lokacin da kuka ware wa mota.

Saura magana ɗaya, wadda maigidana ya hana ni faɗa, kuma zan faɗa. Kun san halinsa, bai taɓa musa wa babba ba. Jiya da la'asar ina goge masa baya na gaya masa zancen motar. Sai ya ce, "In Alhaji ya zo da kanshi ya ce in shiga, ba ni iya ce mishi a'a. Shiga za ni yi." Na ce to shi me yake so? Ya ce, "Ina son in kai na shida, Ramatu. Kar ki bari in shiga."

Ka ga inda aka ajiye ni, Baba. Ba ni da ƙarfin tare mota, kuma ina tsoron ranar da zan tsaya a bakin ƙofa ina ɗaga murya a kan mutumin da nake kira uba. Amma in motar ta zo, a bakin ƙofar nan za a same ni, domin shi ya roƙe ni. Kai kaɗai za ka iya raba ni da wannan tsayuwa, kuma kalma ɗaya ce daga bakinka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe jama'arka da adalci, ya tsare gidanka da gidajen dattawa daga irin wannan ciwo. Ina sauraron amsarka kafin a sauko daga masallaci gobe Juma'a.

Wassalam.

'Yarka, Ramatu, matar Baban Habiba,
Zongo, Kwatano.