Kwalekwale Ɗaya da Surukina

Mansura, Doha.

Zuwa ga matata Muhsina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki, yaya kumburin ƙafar? Ki gaishe min da Hajiya, Allah ya saka mata da ɗawainiyar goyon cikin nan. Na rubuto ne don duk sanda na kira tana gefenki, wannan magana kuwa ba ta gabanta ba ce.

Baba ne, mahaifinki. Ranar Juma'a ya kira ni gidansa na Wakra, na tarar ya shimfiɗa taswira a kan kafet, ya danne gefunanta da kofunan shayi. Tafkunan ƙasar Finland ne. Wai kafin ya ajiye aikin injiniya ƙarshen shekara yana so ya ratsa su da kwalekwale, daga tafki zuwa tafki, ana kwana a tanti a kan tsibirai. Su uku suka ƙulla abin, shi da abokansa Alhaji Mijinyawa da Dakta Ghali. Alhaji ya fake da ciwon gwiwa, Dakta ya fake da aiki. Sai aka tuna da mijin 'ya, wanda bakinsa bai iya a'a ba.

Ina durƙushe yana bin hanyar da yatsa. Inda ruwa ya ƙare, a kife kwalekwalen a ka a ratsa daji da shi. Ruwan sha daga tafkin za a ɗiba. Sannan ya ɗauko wata 'yar shebur, yana murna kamar ya sayi mota, wai da ita kowa zai tona raminsa in ya so zagayawa. Muhsina, ni da nake yini a ɗakin gwaji na asibiti ina kallon abin da ke ninƙaya a cikin irin wannan ruwa. Amma bakina yana ta cewa madalla.

Duk wannan mai sauƙi ne. Tanti ɗaya ne, tukunya ɗaya. Tunda na aure ki ban taɓa kai loma baki a gabansa ba, yanzu ana so in yi minshari a kunnensa, in ɗauki buta da shebur yana kallo. Kuma lokacin da ya tsayar ya faɗa daidai watan haihuwarki. Hutu ɗaya gare ni a shekara, na ajiye shi ne domin ke.

Ki san dabarar da za ki yi mana. Ki kula min da kanki.

Naki,
Muttaka.

Mansura, Doha.

Muhsina tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya barci, har yanzu ana shure-shure? Allah ya raba lafiya. Ina gaida Hajiya da mutanen Malumfashi.

Amsarki ta zo, kuma na gane da dariya kika rubuta ta. Kin ce ke ba ki taɓa zama kin yi doguwar magana da shi ba balle ki hana shi abu, Hajiya kuma ta ce ba ta shiga tsakanin mutum da surukinsa. Na gode muku.

Na bi hanyar da ta dace, na je na roƙi Dakta Ghali ya faɗa masa a madadina. Mutumin da ya gudu ya bar ni a ciki, shi ne ya dafa kafaɗata wai haba, in je in sha iska, haihuwa ai ta mata ce. Ban san sanda na miƙe ba, ko sallama ban yi masa ba.

Kaya kuwa sai ƙaruwa suke. An sayo wani abinci a leda, busasshe, a zuba masa ruwan zafi ya kumbura ya zama kamar dusar awaki. Ya sa na ɗanɗana a kicin, na haɗiye don girmansa. An sayo buhun da ake shiga a kwana a ciki, ka yi gumi a ciki yau, gobe ka koma cikinsa ba wanki. Jiya ya kafa tantin a tsakiyar falo, ya shige, ya ce in shigo a gwada ko za mu isa. Na shiga. Na kwanta a sandare, kafaɗata na gogar ta mahaifin matata, ina jin numfashinsa, ina roƙon ƙasa ta tsage. Shi kuwa lissafin inda za a ajiye takalma yake yi.

Abin da ya fi ci min rai, ko sau ɗaya bai ambaci watanki ba, alhali ya sani. Na fara jin haushinsa, kuma ba na son haka. Ranar Asabar zai kai ni gwajin tuƙin kwalekwale a Zakira, can gaba da Alkhor.

Mijinki,
Muttaka.

Mansura, Doha.

Muhsina,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, jiki kuma da sauƙi. A gaida Hajiya.

Mun je. Da sassafe ne amma zafi har ya sauka. Wurin wasu bishiyoyi ne da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, kuma mun tarar ruwan ya janye, sai baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ina taka shi ya haɗiye min takalmi ɗaya, ƙananan ƙaguwa suna bi ta kan ƙafata. Haka muka ja kwalekwalen haya har inda zai taso. Ya zauna gaba, ni a baya. Muka yi ta zagaye wuri ɗaya, filafilina yana watsa masa ruwa a ƙeya ina ba da haƙuri. Da ya buɗe ledar abincin nan na ce na ƙoshi, cikina kuwa yana kuka har ya ji.

A hanyar dawowa ya ɗora filafilinsa a cinya. Bai juyo ba, ƙeyarsa kawai nake gani. Sai na ji ya tambaye ni ko Muhsina tana cin abinci. Haka ya faɗa, da sunanki. Kin fi ni sanin ke 'yar farinsa ce, daga yarinyar nan sai mutanen gidanka yake kiranki. Na ɗauka kunnena ne.

Daga nan tambayoyi suka ɓalle. Ko kina tsoro, ko asibitin da za ki na kirki ne, ko ina sa ki kuka. Ya ce ranar da aka haife ki yana wurin aiki a Kainji, bai gan ki ba sai da kika fara rarrafe, da ya zo kuma idon mutane bai bar shi ya ɗauke ki ba. Ya ce ya san watan sarai. Ya so ne ya kasance inda waya ba ta kamawa, don ba zai iya zaman jira ba, kuma ba zai iya bugowa ya tambaya ba. Ni kuma ya ja ni ne don ni kaɗai zan iya ba shi labarinki. Amma ya ce ya ga bai kyauta ba, in tafi gida, shi zai bi ayarin wasu baƙi.

Na samu abin da nake so, sai dai ban ji daɗin da na zata ba. Na ci gaba da tuƙi, ƙafata ɗaya ba takalmi.

Ina nan tafe farkon wata in Allah ya so. Ki tanadi atamfar da kika fi so, don ya ba ni saƙo kafin mu kai gaɓa. Ya ce in na zo in ɗauko masa hotonki. Na jariri kowa zai turo masa, naki ne ba shi da wanda zai iya roƙa.

Naki har kullum,
Muttaka.