Fuskar Baba Ta Dawo

Daga Tamanrasat, ranar Juma'a

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida duka. Yaya ƙafar taki? An yi shuka a Gidan Sori?

Ni lafiya lau. Aikin ginin ya tsaya, amma kada ki damu, yanzu ina shara a shagon wani tsoho mai ɗaukar hoto. Sau ɗaya muke ci a yini, kuma yana isata.

Gwaggo, na ga ikon Allah. Kin san marigayi Baba bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba, sai ɗan na katin ɗan ƙasarsa da na taho da shi. Tsohon nan ya sa shi a na'ura, ya ƙara masa girma har ya kai faifai. Sai ga Baba yana kallona. Na bi tsagar kumatunsa da yatsa, har da tabon da bijiminmu ya yi masa a gira, wanda na manta shekara tara. Na zauna ƙasa.

Na tambayi tsohon abin da ya kawo shi wannan sana'a. Ya ce, "Uwata ta rasu ba hoto. Na ɗauki fuskar mutum dubu, tata ta ɓace mini."

Don Allah Gwaggo, in ƙanena Bilyaminu ya zo da wayarsa, kada ki ja mayafi ki rufe fuska yadda kika saba. Ba sai kin sa kayan Salla ba, ki zauna bakin rumbu da zanen dakanki. Jiya na rufe ido don in gan ki, sai da na daɗe ina nema.

Allah Ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Mudassir